Jakar da Ta Watsa Bikin Godiya

Ko da zan manta da sunan makarantar da na fara koyarwa, ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da na watsa bikin 'yar aminiyata a Jimeta ba, ni kaɗai, ba tare da na zagi kowa ko na taɓa kowa ba. Yanzu na ajiye alli, jikoki sun fara ja mini zani, amma har yau idan abin ya faɗo mini a rai sai in ji kunnuwana sun ɗauki zafi.

Bari in faɗa muku ko ni wace ce, don ku san irin mutumin da zai iya wannan aika-aika. Malamar Turanci ce ni, haifaffiyar Adarawo a cikin Yola, kuma ina da wata cuta da babu asibitin da ke maganinta: ba na iya ganin kuskuren Turanci in wuce. Allon shago, rubutun bayan mota, katin ɗaurin aure, duk sai na duba su da idon mai makin jarrabawa. Na taɓa sa mai keke ya tsaya a bakin titi don in nuna wa wani mai shagon aski cewa ya sa waƙafi inda bai dace ba. (Ya yi mini godiya sosai, sannan ya tambaye ni ko aski zan yi.) Baffan yara kuwa tun muna sabon aure ya daina turo mini saƙo da Turanci, da Fulatanci yake rubutowa, don a can ne shi ma yake samun abin gyara mini. A makaranta ba a kirana da sunana, Malama Ƙamus ake ce mini, ni kuma a wautata ina jin daɗin sunan.

Madam Rahila ta zo makarantarmu ne a shekarar da aka watse daga Mubi. Duk wanda yake Yola a lokacin ya san yadda garin ya cika, babu gidan da ba shi da baƙi, mu kanmu har zaure mun shimfiɗa tabarmi. Asalinta 'yar wajen Numan ce, amma a Mubi ta yi aure, a can ta yi koyarwa, a can ta binne mijinta. Da ƙafa suka fito ita da 'yarta Godiya, da kayan jikinsu kawai. Aka turo ta wurinmu, aka ba ta kujera a kusurwar ofishin malamai, ta zauna a nan kamar an ajiye buhu. Mu yi mata sannu, ta ce yawwa. Mu kawo mata abinci, ta gode, ta rufe kwanon. Tausayinta ya hana mu hira, mu da ba ma rabo da surutu.

Rannan ina tsaye ina yi wa wani sabon malami huɗuba a kan sanarwar da ya manna, wai ya rubuta “the staff are” ni kuma na dage sai “the staff is”. Sai na ji murya daga kusurwa.

“Malama, shi ma daidai ne fa.”

Ba a taɓa yi mini haka ba. Na juya da niyyar in yi mata bayani a hankali, irin na mai lallashin mara lafiya, sai na tarar matar nan ta gyara zama, ta cire tabarau tana gogewa da bakin mayafi. Muka kama. Na kawo misali, ta kawo biyu. Aka buga ƙararrawa ba mu ji ba, sai da shugaban makaranta ya leƙo ya ce 'yan ajinmu suna can suna kokawa. Ranar muka fara ganin wushiryarta, ashe tana da ita.

Tun daga nan kullum da abin da za mu yi musu a kai. Ta fara cin abincin da ake kawo mata, har tana cewa gishiri bai ji ba. Ta sa mini suna Adda, wato yaya da Fulatanci, don na ɗan girme ta. Ni ma na shaƙu da ita fiye da yadda zan iya faɗa, domin kafin zuwanta kowa gudun gardamata yake yi, ita kuwa da safe ma da ita take gaishe ni.

Ana nan sai Godiya ta samu miji, wani malamin asibiti mai hankali. A wurinsu, kafin ranar coci, iyayen amarya sukan shirya taron sallama: a yi addu'a, a yi wa yarinya nasiha, a ba ta kyaututtuka, a yi rawa. Madam ta kawo mini kati da hannunta tana murmushi. Mutumin kirki zai ce Allah ya sanya alheri. Ni kuwa idona ya sauka a kan kalma ɗaya, “send-forth”.

“Madam, wannan ba Turanci ba ne. Send-off ake cewa.”

“Adda, send-off na kora ne. Wanda ya yi laifi a ƙwallo shi ake yi wa. Ni ba koran yarinya na zan yi ba, raka shi zan yi.”

(Hausar Madam ba ruwanta da mace ko namiji, kowa “shi” ne a wurinta. Ban taɓa gyara mata ba, Turanci kaɗai nake wa gadi.)

Na ce mata kalmar ba ta cikin kowane ƙamus, mu 'yan ƙasar nan muka ƙirƙiro ta. Ta ce to mu ba mutane ba ne? Muka yi ta yi har aka tashi. A bakin ƙofa ta juyo ta ce mini, “Kawo shaida.” Da wasa ta faɗa. Ni ce ban san wasa ba idan aka zo kan Turanci.

Sai ku tuna wane lokaci ne wannan. Bama-bamai sun tashi a wuraren taruwar jama'a a Jimeta, an rasa mutane, kowa ya tsorata. Masallaci da coci ana lalube mutum kafin ya shiga, kasuwa a tsaitsaye ake cinta, biki kuwa mutane sun koma aika saƙon fatan alheri daga gida. Madam ta bi gidaje ɗaya bayan ɗaya tana roƙon mutane su zo. Kayan ɗakin da ta yi ta tara wa Godiya tun tana ƙarama duk sun tsaya a Mubi, ba ta ma san hannun da suka faɗa ba. Wata rana muna cin gyaɗa a ofis ta ce mini, “Adda, ba ni da tukunya da zan ba shi, ba ni da gado. Mutane kawai ya rage mini. Ina so yarinyan nan ya juya ya ga mutane a bayan shi.” Na ji maganar har cikin raina, na yi mata alkawarin ni ce zan fara zuwa.

Na cika alkawari, sai dai ban je ni kaɗai ba. Da safiyar Asabar na ciro ƙamus ɗina na tun zamanin kwaleji, wanda girmansa da nauyinsa ba su da maraba da bulon siminti. Na tura shi cikin tsohuwar baƙar jakar da nake zuwa makaranta da ita, wadda hannunta ya tsinke na ɗaure da jan ƙyalle. Ba a kawo wuta ba kwana da kwanaki, don haka na cusa igiyar cajin waya a aljihun gefe, ko zan samu inda zan jona tunda za a ta da janareta. Baffan yara ya bi ni da kallo ina fita a karkace, ya ce, “Biki za ki ko jarrabawa?” Na ce masa ba zai gane ba. A raina niyyata mai kyau ce, sai an watse zan ja ta gefe in nuna mata shafin, mu yi dariya.

A harabar gidan wani dattijon cocinsu aka kafa rumfuna. Na isa da wuri, ana jera kujeru, masu binciken jaka ba su ma kama aiki a ƙofa ba. Na tura jakar ƙarƙashin wata kujera kusa da teburin kyaututtuka, na miƙe ina tausa kafaɗa. Ɗaga kan da zan yi sai ga ƙaton ƙyalle an rataye, da hoton Godiya, da kalmar nan an rubuta ta da jan fenti. Ina tsaye ina girgiza kai sai wani dattijo mai kwat ya matso, ya ce, “Ke ce Malama Ƙamus?” Mista Bulus ne, ƙanin marigayi mijin Madam, tsohon hedimasta, shi ne mai gabatar da taron. Ashe Madam ta ba shi labarina, ya kwana da shiri.

Jama'a, na samu abokin yi. Daga kalmar da ke jikin ƙyalle muka koma kan “chairlady”, daga nan muka faɗa kan ko ana cewa “invitees”. Ya ja ni muna tafe muna yi har babban tebur, ya ba ni kujera kusa da tasa don kada zancen ya yanke. Ina cin galaba da baki, don haka ban ko tuna da makamin da na zo da shi ba. Ƙaramar jakata tana rataye a hannuna, ban ji na rasa komai ba.

Mutane kuwa suka zo. Wallahi suka zo. Matan zumunta na coci da ankonsu da tulunan kiɗa, malaman makarantarmu, mutanen Mubi da ke warwatse a gidajen 'yan uwa, wasu rabon da su ga juna tun ranar gudu. Madam tana yawo tsakanin kujeru, ɗaurin ɗankwalinta kamar zai taɓa rumfa, bakinta ya ƙi rufuwa. Aka shigo da Godiya ana kiɗa, tana taku a hankali tana sunkuyar da kai. Ni har ƙwalla na share, sannan na juya na ci gaba da yi wa Mista Bulus bayani.

Abin da ya faru a ɗaya gefen daga baya aka ba ni labari. Wata mata ta kawo kyautarta, ta hangi baƙar jaka a ƙarƙashin kujera, ga igiya ta leƙo daga gefe. Ta tambayi na kusa, ba mai ita. Wani ya ɗan taɓa ta da ƙafa, jaka ta ƙi motsi. Ni dai abin da na gani shi ne mutane suna miƙewa shiru-shiru suna jan 'ya'yansu, yadda zamanin ya koya mana. Sai kujera ɗaya ta faɗi, wani ya ce “Jaka!”, shi ke nan wuri ya yamutse.

Na gudu. Ni da nake kukan gwiwa idan an ba ni aji a saman bene, ranar na tsallake kwata ban san na tsallake ba. Takalmina ɗaya ya tsaya a can. Sai a gindin wata bishiyar dogonyaro can ƙarshen layi na tsaya, cikin mata muna haki. Kuma kada ku ɗauka shiru na yi. Ni ce mai babbar murya. “Allah ya isa! Wane irin mara imani ne zai yi wa marainiya haka ranar farin cikinta?” Mata suna cewa faɗi ki ƙara.

Sai wata a cikinsu ta ce, “Ni na gan shi da safe. Wani mata ne mai hijabi, yana tafiya a karkace saboda nauyi.”

Na ce, “Innalillahi! Mace ma?”

“Mace. Hannun jakan ma an ɗaure da jan ƙyalle.”

Ban san yadda zan kwatanta muku abin da na ji ba. Na dubi hijabina, na dubi na kusa da ni, masu hijabi a taron nan ba mu da yawa. Ba zan ɓoye muku ba, na hangi keke yana wucewa, zuciyata ta ce mini ki tare shi ki tafi Adarawo, ki ce ba ki da lafiya har ƙarshen zango. Amma da na waiwaya sai na hangi Madam a bakin ƙofar gidan, ɗankwali ya zame, tana riƙe da hannun Godiya. Ba jakar take kallo ba, mutanenta take kallo suna cika kekuna suna tafiya.

Na nufe ta ina ɗingishi, ƙafa ɗaya da takalmi ɗaya babu. 'Yan sanda sun riga sun iso, sun ja igiya sun tare ƙofa. Daga inda take tsaye ana hango jakar da jan ƙyallenta, jakar da take gani kullum a kan teburina. Kafin in buɗe baki ta dube ni tun daga sama har ƙafar da ba takalmi.

“Adda.”

“Na'am.”

“Shaida ne?”

“Shaida ne,” na ce, da muryar da ni kaina ban san ta ba.

Ta rufe ido. Na ɗauka mari ne zai biyo baya, kuma da na karɓa da hannu biyu. Sai ta juya wurin babban ɗan sandan ta ce, “Oga, na book. Na my sister get am.” Wato littafi ne, kuma na 'yar uwarta ne. Mutumin ya ce shi ba ya aiki da jin magana, in dai da mai jaka to ta je ta buɗe da hannunta, kowa ya ja baya. Gaskiyarsa ne. Mutanen da suka rage sun fara matsowa suna kallona, ana nuna ni da baki, na ji wata tana cewa ai shi ne, shi ne matan. A wannan zamanin, mace mai hijabi ta ajiye jaka a taron Kirista, kun san ba abin dariya ba ne. Madam ta saki hannun 'yarta ta kama nawa, ta ɗaga murya yadda kowa zai ji.

“Tare za mu je. In ya tashi, ya tashi da mu biyu.”

Haka muka ratsa filin nan, kujeru a kife, shinkafa a zube, takalman mutane ko'ina. Na durƙusa na ja zif, na ciro ƙamus da ƙyar na ɗaga sama. Ɗan sandan ya karɓa, ya juya shi, ya buɗe tsakiya, ya girgiza ko wani abu zai faɗo. Sannan ya dube ni ya ce, “Hajiya, wannan kika kawo biki?” Na ce e. Ya ce don me? Mista Bulus ne ya fara dariya daga bakin ƙofa, irin dariyar da ke zuwa bayan tsoro, har da riƙe bango.

Ni ban yi dariya ba, domin fili ya zama wayam. Mista Bulus ya goge ido ya miƙo mini makirfo, ya ce, “Wanda ya kore su shi zai kira su.” Na karɓa. Ni da nake gyara wa mutane jimla tun kafin su gama ta, ranar Turanci ya gudu ya bar ni, ko kalma ɗaya ban samu ba. Da Hausa na yi, lasifika tana kai muryata har layi na gaba: “Jama'a, ku yi wa Allah ku dawo. Ba komai ba ne, ƙamus ne. Nawa ne. Ni ce na ajiye, ni ce na manta. Ku yi haƙuri, kada ku bar yarinyar nan ita kaɗai saboda wautata.”

Wasu sun yi nisa, lasifika ba ta kai musu. Don haka na ɗora ƙamus a ka kamar mai tallar gyaɗa, na bi layi da ƙafa ɗaya ba takalmi, Madam tana bayana tana kiran mutane da sunayensu. Masu shago suka fito, masu keke suka tsaya. Matan gindin dogonyaro, waɗanda suka taya ni tsine wa mai jaka, suka bi ni da ido. Wadda ta ba da labarin ta ce, “Ashe kai ne mara imanin?” Na ce ni ce.

Suka dawo, da kaɗan-kaɗan, ana ɗaga kujeru, kowa yana neman takalminsa. Har waɗanda ba a gayyata ba sun biyo mu don su ga matar da ta kawo ƙamus biki. Amma ba duka ba. Akwai wata tsohuwa daga Mubi da jikinta ya ƙi daina rawa, sai gida aka kai ta, kuma wannan ya fi komai yi mini ciwo. Sai da na je har inda take zaune na durƙusa na ba ta haƙuri, ta dafa kaina ta ce ba komai, ni kuwa na san da komai.

Aka sake kiɗa, aka sake shigo da amarya. Da ta iso gaba, Madam ta kama kafaɗunta ta juya ta wajen jama'a, ta ce, “Duba.” Godiya ta duba, ta fashe da kuka, uwar ma haka, ni ma daga inda na ɓuya a bayan matan zumunta na taya su. Da aka zo kyaututtuka Madam ta zare ƙamus daga cinyata ba tare da ta tambaye ni ba, ta dire shi a tebur, ta ce, “Adda na ya kawo wa amarya kyauta.” Aka yi tafi, har da guɗa.

Ranar Litinin na riga kowa zuwa ofis, na soya masa cike da kwano na kawo wa Madam, na shirya dogon ban haƙuri. Ina farawa hawaye ya ƙwace mini. Ta buɗe kwanon ta ɗauki ɗaya, ta ce, “Adda, na gudu daga Mubi ban san fuskan wanda ya kore ni ba. Wannan karon na san shi, ga shi ma ya kawo mini masa. Zauna.” Na zauna. Ta cinye, ta goge hannu, sannan ta ce, “To, yana ciki?” Na ce mata a'a, ba ya ciki. Ta ce, “Ka gani? Littafin ne bai cika ba.”

Ƙamus yana gidan Godiya har yau, an ce a kansa ake ɗora ɗanta idan za a yi masa aski. Ni kuma da lokacin ajiye aikina ya yi, malamai suka shirya mini taro, Madam ce shugabar kwamiti. Ina shiga zauren na ga ƙyalle daga bango zuwa bango, ga hotona, ga “send-forth” da haruffan da ko makaho zai shafa ya karanta. Tana tsaye a ƙarƙashinsa ta naɗe hannu, tana jirana. Na dubi ƙyallen, na dube ta, na ce, “Madam, rubutun nan ya yi kyau.” Na zauna a ƙarƙashinsa har aka tashi.

Ban warke duka ba, har yanzu idona yana ƙaiƙayi idan na ga allon shago. Amma na koyi cewa idan aminiyarka ta miƙo maka katin bikin 'yarta, ba makin jarrabawa ta kawo maka ba, Allah ya sanya alheri ake cewa. In kuma ta ce ka kawo shaida, ka bari sai Litinin.